Amsar Anti ga Maman Ilham kan yawon jirgin ruwa a bar yara a gida

Assalamu alaikum 'yan guruf. Maman Ilham, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce Abban Ilham yana so ku je yawon jirgin ruwa ku biyu kawai, ejan ya ba ku zaɓi, ko na Kogin Nilu a Masar ko na Bahar Rum, kuma za ku bar Ilham mai shekara 4 da ƙaninta mai wata 14 wajen Hajiya. Kika ce wanne ya fi kyau. To ni a yadda na ji muryarki, ba kyan wuri ne damuwarki ba. Abin da kike son sani shi ne, in wani abu ya taso a gida, Allah ya kiyaye, cikin awa nawa za ki iso. Wannan zan amsa miki.

Ki ɗauki na Nilu. Dalili kuwa, jirgin Nilu tsakanin garuruwan Luksor da Aswan a kudancin Masar yake zirga-zirga, tazarar duka ba ta wuce kilomita 200 da 'yan kai ba, kuma duk inda kike kina hango gaɓar kogin ta dama da ta hagu, ga gonaki ga ƙauyuka, sabis ɗin waya yana kama ki yawancin hanya. Luksor akwai filin jirgin sama, Aswan akwai, kowanne kamar awa 1 ne zuwa awa 1 da rabi ki sauka Alƙahira. In an kira ki kina Edfu ko Kom Ombo, garuruwan da jirgin ke tsayawa a hanya, sauka za ki yi ki ɗauki mota, cikin awa 2 ko 3 kina filin jirgi. Na Bahar Rum fa? Na farko sai kun samu bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, wannan kaɗai aiki ne. Na biyu akwai ranar da jirgi ke wuni a tsakiyar teku, ba tudu ba gari, ba inda za ki sauka. Intanet ɗinsu ta tauraron ɗan'adam ce, sayenta ake yi daban, kuma in kika bar layinki na gida a buɗe ya kama sabis ɗin jirgin, kuɗin da zai ci ba kaɗan ba ne. Wannan ki bar shi sai yaran sun yi wayo.

To amma ga inda nake so ki buɗe kunne. Ejan zai ce miki kwana 4 ne. Ba kwana 4 ba ne. Wannan abu yana ɓata min rai wallahi, don a nan ake yaudarar iyaye mata. Kwana 4 ɗin na cikin jirgi ne kawai, in daga Luksor za ku tashi zuwa Aswan. In daga Aswan ne za ku gangaro Luksor, kwana 3 ne, don ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, jirgi yana bin ruwa. Kuma jiragen nan suna da ranakunsu, da yawa Litinin suke ɗiba a Luksor su ɗiba Juma'a a Aswan, wasu Asabar da Laraba. Jirgin sama kuma daga Kano zuwa Alƙahira sai kin duba ranakun da yake tashi, in ranar ba ta yi daidai ba sai kun bi ta Abuja ko ku kwana biyu a Alƙahira kuna jira. Lissafa: ranar tafiya 1, kwanan Alƙahira 1, jirgi 4, dawowa Alƙahira 1, ranar komowa gida 1. Kin ga kwana 8 kenan, in an matse sosai 7. Sai uwa ta ce wa kaka kwana 4 ne, ta bar kayan kwana 4, madarar kwana 4, kuɗin kwana 4, a faɗa wa yarinya kwana 4 Mama za ta dawo, yarinya ta ƙirga da yatsunta su ƙare Mama ba ta zo ba. Su ejan ba ruwansu, sun sayar da tikiti. Don haka ki ce ya rubuto miki ranar fita daga ƙofar gida da ranar shigowa, da lambar kowane jirgin sama, kafin ku biya ko sisi.

Kuma tunda ina kan ejan, bari in ƙarasa. Kalmar "tauraro biyar" a jiragen Nilu kusan kowa yana da ita, ba ta nuna komai. Ki tambayi sunan jirgin, ki tambayi hawa na nawa ɗakinku yake. Kada ku yarda da hawan ƙasa, kada ku yarda da ɗakin da ke can baya kusa da inji, ga ƙara ga warin gas har asuba. Sannan ki sani, in jiragen sun tsaya jerawa suke yi gefe da gefe, 3, 4, har 5, sai kun ratsa ta cikin na wasu kafin ku taka ƙasa. Ki buɗe labule da daddare, tagar wani jirgin ce a gabanki, ba kogi ba. Daren farko ma a Luksor jirgin a ɗaure yake kwana, na ƙarshe a Aswan haka. Tafiyar kan ruwa ta gaske a tsakiya take, to ranar nan kada ki ɓata ta a ɗaki, ki hau can sama ki zauna. A Esna kuma akwai ƙofar ruwa da jirage ke bi kaɗan-kaɗan, ana iya yin awanni a layi, a nan ne masu ƙananan kwalekwale ke zuwa suna jefo jallabiya da tawul cikin leda har saman jirgi, in kina so ki sa kuɗi a ledar ki jefa musu, in ba kya so ki mayar musu da kayansu. To wannan dai... na yi nisa, bari in dawo kan yara.

Ƙanin Ilham. Kin ce har yanzu yana shan nono. Na san abin da za a ce miki a gida, ai shi kenan an huta, a haɗa da yaye, dama gidan kaka ake kai yaye. Ni ban ba ki wannan shawarar ba. Yaye na gida, uwa tana unguwa ɗaya ko gari ɗaya, in yaro ya ƙi cin abinci ko zawo ya kama shi ana iya kiranta. Nan kuwa an cire masa nono, an cire masa uwa, an cire masa uba, an canja masa ɗakin kwana, duk a dare ɗaya. Kuma ke kanki za ki sha wuya, don nonon da aka yanke farat ɗaya kumbura yake yi ya yi tauri, in ya toshe ga ja ga zafi ga zazzaɓi, kina tsakiyar Kwarin Sarakuna, maƙabartar Fir'aunoni da ke Luksor, cikin rana. Hanya biyu ce. Ko ki fara ragewa tun sati 4 zuwa 6 kafin tafiya, ki cire shan rana ɗaya duk bayan kwana 3 ko 4, na dare ya zama na ƙarshe, ya saba da kofi da kunu da abincin gida. Ko kuma in ba kya son yaye shi yanzu, kuma yana da haƙƙinsa har shekara 2, ki tafi da abin tatsar nono na hannu, ki riƙa tatsa safe da rana da dare kina zubarwa don kada ya ɗauke. Ajiye masa a firiza ba dole ba ne a watanninsa, tunda yana cin abinci. In ma za ki ajiye, a firji kwana 4 ne iyaka, a firiza wata 6, amma da sharaɗin wuta ba ta ɗaukewa ya narke ya sake daskarewa. In ya narke sau ɗaya ba a mayar da shi.

Sannan ki duba katin rigakafinsa. Allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yi, shi kuma yana wata 14. Ki yi masa ita sati 2 kafin ku tashi ko ki bari sai kun dawo... a'a, bari in gyara, kada ki jinkirta ta saboda yawo. Ku sa ranar tafiyar ta zo bayan allurar da aƙalla sati 2, don zazzaɓin da takan kawo yana iya fitowa bayan sati 1 zuwa kwana 12, gara ya same ki a gida.

Abin da za ki bar wa Hajiya, a rubuce, takarda ɗaya manne a bango, ba a baki ba. Nauyin kowane yaro a kilo, don farasitamol da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba, ki sa likitanku ko mai kemis ya rubuta mil nawa ga kowanne, ki bar sirinjin awo, ba cokalin shayi ba. Gishirin zawo guda 6 aƙalla da ƙwayar zinc, ita ce miligiram 20 kullum har kwana 10 ga yaron da ya wuce wata 6, kuma a karanta jikin ledar gishirin, don wani na lita 1 ne wani na rabin lita. In zazzaɓi ya zo a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani. Katin asibiti, rukunin jini, jinotayif, abin da jikinsu ba ya so. Kuɗin asibiti daban a hannun mutum ɗaya mai mota wanda wayarsa ba ta mutuwa da dare, ƙanin Abban Ilham ko yayanki, ku rubuta masa takardar izini ku sa hannu ku biyu cewa zai iya amincewa a yi wa yaran magani. Hajiya ga hankali ga ƙwarewa, amma kada a bar ta ita kaɗai da ɗan wata 14 mai tashin dare, a samo mata mai taya ta wadda yaran suka riga suka sani. Gidan sauro nasu ma ki kai.

Kuma ku yi gwaji. Su kwana can dare 1, bayan sati su kwana 2, kina gari. A nan za ki gane abin da kika manta. Ranar tafiya kada ki sulale. Ki yi wa Ilham sallama ido da ido, gajeriya, ki ba ta kalanda mai gida 8 tana kashe ɗaya duk safiya. Shi ƙaramin ki bar masa zanin goyonsa ba a wanke ba.

Waya: ku sayi layin Masar a filin jirgin Alƙahira da fasfo, akwai Vodafone akwai Orange, kada ku dogara da wayifai na jirgi. Kiran WhatsApp a kan data a Masar wani lokaci ba ya shiga, to ki tura wa gida lambar layin da lambar mai yi muku jagora, a iya kiranki kai tsaye. Agogon Masar yana gaban namu da awa 1 lokacin sanyi, awa 2 daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Ki riƙa kira da hantsi ko bayan la'asar, minti 5 ya isa. Kada ki kira da bidiyo lokacin barci, yaro ya ga fuskarki ya miƙo hannu, ki kashe waya ki bar wa Hajiya kukan awa 2. Shi ƙaramin ma in kin ga kiran yana tayar masa da hankali, ki ce a riƙa ɗauko miki shi a bidiyo yana wasa kawai.

Ranar da za ki fi nisa da kowa ita ce ranar Abu Simbel, in kun zaɓa, don ba ya cikin kuɗin jirgi yawanci. Kilomita kusan 280 ne kudu da Aswan, ana tashi wajen ƙarfe 4 na asuba, awa 3 da wani abu zuwa, haka dawowa, hanyar hamada ce sabis yana yankewa. Ki sanar da gida tun daren. Wurin ya cancanci wahalar, gumakan Fir'auna Ramsis na biyu ne da aka yanka dutsen gunduwa-gunduwa aka ɗaga sama a shekarun 1960 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye su. Sauran wuraren tarihin kuma suna cikin tsari: Karnak, Kwarin Sarakuna inda tikiti ɗaya kabari 3 yake ba ki, na Tutankamun da aka gano a 1922 tikitinsa daban, Edfu da keken doki ake kai ku da sassafe, Kom Ombo a bakin ruwa yake da gawarwakin kadoji, Fila kuma sai an shiga ƙaramin jirgi.

Lokaci, ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko Maris. Yuni zuwa Agusta Aswan tana wuce digiri 40, kada ki ce ai mun saba da zafi, can a tsaye ake wuni cikin duwatsu ba inuwa. Ki tafi da rigar sanyi, dare a kan ruwa akwai sanyi sosai. Ruwan gora kawai za ku sha, har wanke baki, kuma abin sha a jirgi kuɗinsa daban. Abinci ba matsala, ƙasar Musulmi ce, sai dai akwai mashaya a jirgin da daren rawa, ba wanda zai tilasta muku zuwa. Alƙibla ki riƙa dubawa kowace salla don jirgi juyawa yake. Katin shawara mai ruwan ɗorawa dole ne, fasfo ya zama da sauran wata 6, biza ku gama da ita tun daga gida. Wuraren tarihin da yawa yanzu da katin banki ake sayen tikiti, ba sa karɓar tsaba, to ko ku tabbatar katinku yana aiki a waje ko ejan ya haɗa tikitin cikin kuɗi a rubuce. Ku riƙe canjin fam na Masar don bakshish, wato ɗan goro, kowa sai ya miƙo hannu, na ma'aikatan jirgi kuma a ambulan ake sawa ranar sauka.

Yauwa, na manta, tikitin dawowa ku sayi wanda ake iya canja masa rana, ko da ya ɗan fi tsada. Ki turo min sunan jirgin da hawan ɗakin da ranar haihuwar yaron ta wayata, in duba miki kafin Abban Ilham ya tura kuɗi.