An Yi Min Baiko: Mene Ne Matsayinmu, Kuma Me Zan Shirya Kafin Biki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kano. An yi min baiko, an sa rana bayan Babbar Sallah. Tun daga lokacin wanda zan aura yake cewa ai na riga na zama matarsa, yana so ya riƙa ɗaukata a mota mu fita mu biyu. A gida kuma ba a zancen komai sai lefe da kayan ɗaki. Mene ne matsayinmu a shari'a, kuma me ya kamata in sa a gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

'Yar uwa, ba ki zama matarsa ba tukuna. Baiko alkawari ne. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an faɗa ƙarara cewa babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai. Sai ranar da waliyyinki ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, jama'a suka shaida. Da a ce ya rasu yau, Allah ya kiyaye, ba ki da gadonsa, ba kuma za ki yi takaba ba. Abin da baiko ya ƙara shi ne ya haramta wa wani ya shigo neman aurenki a kan nemansa.

Saboda haka fita ku biyu a mota keɓewa ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu. Ya zo zance gida, a zaure ko a falo, ƙofa a buɗe, ƙannenki suna kai kawo. Hirar waya ta tsakar dare ma a sa mata linzami. Kada ki ji tsoron zai yi fushi. Mun sha ganin auren da aka fasa saura mako guda, kuma idan an riga an yi ɓarna, mace ake bari da abin kunya.

Abu na farko da zan so ki sa a gaba shi ne gwajin jini, kuma yanzu, tun ba a buga katin gayyata ba. A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a jihar Kano, wanda ya haɗa da cutar ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin da ke nuna sikila. Idan ke AS ce shi ma AS ne, wato kowannenku yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba ya ciwon, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. A kowane ciki na ce, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, don ana iya jera biyu ko uku. Mutane suna barin gwajin sai an kai lefe an ɗinka anko, sannan sakamako ya fito, a rasa mai ƙarfin halin cewa a dakata. Ku je asibitin da aka yarda da shi, ki ga takardar da idonki.

Sai maganganun da masoya ke kauce wa don kada a ɓata hira. Za ki ci gaba da karatu ko aiki? A gidan haya za ku zauna ko cikin gidansu tare da surukai? Mene ne sana'arsa ta gaskiya, kuma akwai bashi a kansa? Duk abin da kuka daidaita, ki sanar da mahaifiyarki ta isar wa Baba, a maimaita shi a gaban manyan ɓangarorin biyu. “Ai na ce miki ba komai” da aka faɗa a waya ba ta da mai shaida ranar da aka ƙi barinki ki koma makaranta.

Batun kaya kuwa, sadaki ne wajibi, kuma naki ne ke kaɗai, kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta nuna. Mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, wato giram ɗaya da 'yan kai na zinare, sama kuma ba shi da iyaka. Lefe da gara da kamu al'ada ce. Ba laifi idan da hali. Amma idan aka matsa wa ango sai ya ciyo bashi ya cika akwatuna, ke za ki zauna da shi yana biya, cefane yana raguwa. Haka mahaifinki da kayan ɗaki. Ki zama mai cewa “wannan ya isa”, don an fi jin maganar daga bakin amarya. Walima ita ce sunna, kuma da Abdurrahman bin Auf ya yi aure, Annabi (SAW) cewa ya yi ya yi walima ko da da akuya guda.

Ki samu malama a Islamiyyarku ki zauna da ita a kan wankan janaba, hukuncin haila da jinin ciwo, da haƙƙoƙin miji da mata. Da yawa ana kai su ɗaki sun ƙware a girki da kwalliya amma ba su iya wankan tsarki ba. Ki kuma yi hattara da haɗe-haɗen kayan mata da ƙawaye za su fara kawo miki, musamman na matsi waɗanda ba a san abin da aka zuba ciki ba. Suna iya jawo ciwon sanyi da ƙuna. Ki tambayi likita mace ko ungozoma.

Idan kuma bincike ko gwaji ya nuna abin ba zai yiwu ba, janyewa ta halatta, ba saki ba idda. Kan kayan da aka kawo, malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun ce idan shi ya fasa ba ya karɓar kyautarsa, idan kuma daga ɓangarenku ne sai a mayar masa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. Sadaki kuwa, in an riga an bayar kafin ɗaurin aure, ana mayar da shi duka. Wallahu a'alam.