Amsa kan feɗe ɗan tayin alade: ƙoda, mafitsara da sassan haihuwa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kuna da firatikal a kan ɗan tayin alade, kana son sanin yadda ake bambance namiji da mace, da yadda za ka fito da hanyar fitsari ba tare da ka yanke abin da za a tambaye ka ba.

Tun kafin ka ɗauki almakashi ka tantance jinsi, don shi zai nuna maka inda za ka yanka. Kada nonuwa su ruɗe ka, namiji da mace duk suna da su, layi biyu. Ɗaga wutsiya. In ka ga ƙofa ta biyu a ƙasan dubura da ɗan tsiro mai tsini, mace ce. In namiji ne, ƙofar fitsarinsa tana can gaba, dab da bayan cibiya, fatar maraina kuma tana ƙasan dubura. Cikin alade kwana 114 ne, kuma 'ya'yan maraina ba sa sauka sai can wajen ƙarshe, saboda haka in tayin ƙarami ne kuma jakar ba komai, nemo su a cikin ciki kusa da matsematsi.

Yawancin ɓarnar daga yankan farko take. Kada ka bi tsakiya har ƙasa. Da ka iso cibiya ka kewaye ta, ka yi yanka biyu, dama da hagu, zuwa cinyoyi. Azzakarin namiji yana kwance ƙarƙashin fata a daidai tsakiyar nan, yanka ɗaya zai raba shi. Sai ka datse jijiyar da ta tashi daga cibiya zuwa hanta, ka kifar da fatar baya.

A jikin wannan fatar mafitsara take. Ba kewayayya ba ce irin ta babba, doguwa ce siririya, tana tsakanin jijiyoyin cibiya guda biyu, bakinta na gaba ya zarce cikin igiyar cibiya, ta nan fitsarin tayi ke fita. Ɗalibai da yawa sukan nuna jijiyoyin nan biyu su ce bututun ƙoda ne. Maganin wannan ka fara daga sama: ture hanji gefe, ga ƙoda biyu manne da gadon baya, tantani ya lulluɓe su. Ɗaye shi da hantsaki a hankali, ka bi farin bututun da ya fito daga lotsawar ƙodar har ya shiga gindin mafitsara.

Sauran sassan suna ƙarƙashin ƙashin ƙugu. Guringuntsi ne har yanzu, almakashi zai tsaga shi, amma ka ɗaga bakinsa sama kana yanka, sannan ka buɗa cinyoyin.

A mace, ƙwayayen biyu, wato gidajen ƙwai, ƙanana ne, suna bayan ƙoda ta wajen wutsiya. Nannaɗaɗɗun bututun nan da ido ke fara kamawa ƙahonin mahaifa ne, ba hanyar ƙwai ba; ita wannan siririya ce ƙwarai, a jikin ƙwan take. Ƙahonin sun haɗu sun zama gajeren jikin mahaifa, sai farji. Daga wajen ciki zuwa baya jerin shi ne bututun fitsari (wanda ya fito daga mafitsara), farji, sannan ƙarshen hanji. Na farko da na biyu suna haɗewa kafin su fita waje, saɓanin mutum.

A namiji ka nemi bututun maniyyi, wanda ya hauro ta matsematsi ya haye bututun ƙoda ya sauka bayan mafitsara. Wannan hayewar malamai na son tambayarta. Dogayen ƙulli biyu da ke gefen bututun fitsari kusa da dubura su ne na Kawfa (Cowper's glands a Turance), masu fitar da ruwan da ke haɗuwa da maniyyi.

Sa safar hannu, ka wanke fomalin, maganin da ake adana tayin a ciki, da ruwa kafin ka fara, yana yaji a ido. In kana son gwada hannu kafin ranar, ko taɓa alade na yi maka nauyi, tayin akuya daga mayankar Tudun Wada zai yi. Sai dai nonuwansa biyu ne kacal, jakar maraina kuma a tsakanin cinyoyi take.