Furen tumatirina yana zubewa, gindin 'ya'yan kuma yana baƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano. A ƙarshen watan Fabrairu na dasa tumatir a bokitai shida a tsakar gidana. Sun yi kore shar, amma furen sai zubewa yake yi, 'yan 'ya'yan da suka kama kuwa gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Ina zuba musu takin yuriya duk mako, ruwa kuma sai ranar da aka kawo famfo. Wane magani zan fesa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki riƙe kuɗin maganin nan, don abin da kika bayyana ba ƙwaro ba ne, ba kuma cuta ce mai yaɗuwa ba. Matsaloli biyu ne suka haɗe miki, kowace da sanadinta: zafi ne ke kaɗe furen, rashin ruwa a kan kari kuma shi ke ɓata 'ya'yan.

Mu fara da baƙin gindi, tunda shi ne gyaransa ke hannunki. Ɗan tumatir yana buƙatar sinadarin kalsiyam yayin da yake girma, shi kuma kalsiyam ba ya hawa jikin shuka sai a cikin ruwan da saiwa ta tsotso. Duk ranar da bokiti ya bushe, ɗan ruwan da ya rage ganye ne ke janye shi, sai can ƙarshen ɗan tumatir ya rasa rabonsa. Wurin ya mutu, ya fara kamar tabon ruwa, daga baya ya yi baƙi ya bushe kamar fata. Sau da yawa ƙasar tana da kalsiyam ɗinta, hanyar isar da shi ce ta yanke. Shi ya sa ɓawon ƙwai da ake yawan ba da shawarar a daka a zuba ba zai cece ki a wannan zangon ba, don sai ya yi watanni kafin ya narke a ƙasa.

Yuriyar nan ma ta ƙara dagula lissafi. Ita ganye take turowa, kuma yawan ganye yawan masu shan ruwa ne a bokiti ɗaya. Ki daina zuba ta daga yau. Takin kamfa, wato NPK 15-15-15, ya ishe ki: cokalin shayi ɗaya a kowane bokiti duk bayan mako biyu zuwa uku. Ki tona shi a gefen bokitin nesa da kara, ki rufe, ki ba da ruwa nan take.

Batun ruwa kuwa, kada ki jira famfo. Ki tanadi duro ko jarkoki domin shukar kaɗai. A bazara, tumatir mai 'ya'ya a bokitin lita 20 yana shan kamar lita biyu zuwa uku a yini, kuma gara a raba masa biyu, da sassafe da kuma bayan La'asar. Ki zuba a gindi a hankali har sai kin ga yana ɗiga ta ƙasa. Kafin ki zuba, ki cusa yatsa har gaɓa ta biyu: in kin ji danshi sosai ki rage, in kin ji ƙasa ta bushe ƙarau to kin makara. Sannan ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku. Wannan ɗan rufin kaɗai yana iya riƙe miki danshi daga safe zuwa yamma.

Ki kuma duba inda bokitan suke zaune. Baƙin bokiti a kan daɓen siminti da tsakar rana, in kika taɓa shi za ki ji kamar tukunyar da aka sauke daga wuta, kuma saiwar tana manne da jikinsa daga ciki. Ki ɗora shi a kan bulo ko katako, ki naɗe shi da farin buhu, ki matsar da shi inda zai sha hantsi amma inuwar katanga ta rufe shi daga azahar. 'Ya'yan da suka riga suka yi baƙi ki tsinke su, ba sa warkewa.

Zubewar fure kuwa, gaskiya kin makara da dashe. Tumatir ɗan sanyi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 zuwa 24, ƙurar da ke cikin furen takan lalace, furen ya kasa ɗaukar ɗa, wuyansa ya yi rawaya ya faɗi. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan kai 38 zuwa 40. Dalilin ke nan da manoman rani na Kadawa da Kura ke dashe wajen Oktoba da Nuwamba, domin huda ta faɗo cikin hunturu. Inuwa da ruwa za su rage miki asara, haka ma ɗan girgiza reshen fure da yatsa da hantsi don ƙurar ta zuba inda ya kamata, amma kada ki sa ran yabanya irin ta Janairu.

Akwai inda feshi yake da hurumi, don haka ki iya bambancewa. Idan kin ga ganye ya yi farare-fararen tabo kamar an kankare cikinsa, ga 'yar tsutsa a tsakanin fatar ganyen, ga ƙananan ramuka a wuyan ɗan tumatir, wannan sharon ce, tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016. A bokiti shida, tsinke ganyen da ta shiga a ƙone shi ya fi komai. Sai a bi da ruwan 'ya'yan darbejiya: a daka giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako.

Don zango mai zuwa, ki yafa iri a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ki dasa bayan mako uku zuwa huɗu, tushe ɗaya a bokiti ɗaya. Roma VF da UC82B suna samuwa a shagunan iri, sai dai dogayen tumatir irin Roma sun fi saurin yin baƙin gindi, don haka ba sa son wasa da ruwa. Ki huda ƙasan bokiti wuri shida zuwa takwas, ki cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi ɗaya, ƙaiƙayin shinkafa kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya ruɓe sosai ake amfani da shi. Bokitin da tumatirinsa ya gaza yanzu kuwa, ki cire shi ki shuka kuɓewa ko alayyafo ko rama, su zafin bazara ba ya hana su yi, kuma alayyafo cikin mako huɗu zuwa biyar za ki fara yanka.