Ku Tambaya Mu Amsa: Har Yaushe Zai Ci Gaba Da Ciyar Da Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya yi mini saki ɗaya, ina goyon yaro ɗan wata biyar, ga yayarsa mai shekara huɗu. Na dawo gidanmu a Kurna, bai aiko da ko ƙwayar shinkafa ba. Har yaushe ciyarwata ke kansa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya daidaita tsakaninku. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano ke bi, mai saki ɗaya ko biyu tana nan a matsayin matar aure har ta gama idda. Ci da sha da sutura da muhalli duk suna wuyansa. Asali ma a ɗakinki ya kamata ki yi iddar, domin ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ke. Kwashe kaya ranar da aka miƙa takarda, kamar yadda muka saba, shi ke sa maza da yawa su ɗauka sun sauke nauyi.

Idda tsarki uku ce. Tsarkin da aka sake ki a cikinsa shi ne na farko, kina ganin jini na uku kin gama. Wadda ta daina al'ada wata uku take yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ki lura da naki: idan shayarwa ta ɗauke miki jini, ba a lissafa miki wata uku, iddarki tana tafiya, ciyarwa ma haka.

Da saki uku ne ko hul'i (rabuwar da mace ke fansar kanta da dukiya), muhalli kaɗai za ki samu, sai in da juna biyu.

Idda na ƙarewa, ciyarwarki ta faɗi. Ta yaran ba ta faɗuwa: namiji sai ya balaga yana iya nema, mace sai ta yi aure ta tare. Kina da ladan shayarwa kuma bayan idda, har yaye.

Fara da waliyyinki da nasa. In an gaza, ki je Hisbah, sannan kotun shari'a mafi kusa, da takardar saki da lissafin abinci, magani da kuɗin makaranta na wata. Kada ki ja lokaci, domin kuɗin yara na watannin baya yana wuyar karɓuwa in ba alƙali ne ya yanka shi ba.