Amsa ga Hajiya kan tafiya tsibirin Blasket da yara

Hajiya, na ga tambayarki cewa mai jirgin ruwa ya soke muku tafiya Great Blasket, tsibirin da ke yammacin ƙasar Ireland, saboda iska, ya riƙe kuɗinku, har kina tunanin haƙura da tsibirin gaba ɗaya. Wallahi sai da raina ya sake ɓaci, don irin abin da aka yi mana ke nan bara.

Tun da asuba muka baro Limerick, yara na ta ɗoki. Muka isa bakin ruwa a yankin Dingle, ga yayyafi, ga iska na neman cire min hijabi. Mai jirgin, bawan Allahn nan, bai kira ba, bai turo saƙo ba. Muna tsaye har yatsun autata suka sandare, tana kuka tana cewa Mama ina jirgin. Da ƙyar ya ɗaga waya, ya ce wai ai kowa ya san ba a fita yau. Na ce to kuɗinmu fa? Ya ce sai dai mu zaɓi wata rana, alhali na gaya masa hutun aikina ya ƙare. Ina cikin magana ya katse. Na zauna a mota na yi kuka, yara na kallona. Ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba, yadda ya yi min magana ne kamar wadda ta zo roƙo. Allah ya isa, har yau ban yafe ba.

Amma sokewar kanta kada ki ga laifinta. Wannan ruwan ne ya kori mutanen tsibirin. A Janairun 1947 sanƙarau ya kama wani saurayinsu, teku ta hana likita zuwa, ya rasu a gaban iyalansa. Mu da muka san sanƙarau a gida mun san ba ya jira. A shekarar ce suka buga wa firaminista de Valera talgiram cewa a kawo musu abinci, ba su da abin ci. A Nuwamban 1953 aka kwashe mutum 22 da suka rage, daga ƙauyen da ya taɓa ɗaukar kusan 175. Matasan sun riga sun tafi, da yawa Springfield a Amurka. Ki kai yaran cibiyar tarihin Blasket da ke Dunquin ko da ba a fita ruwa ba, za su ga irin kwale-kwalen zane da kwalta da mutanen suke tsallakawa da shi.

Daga baya mun je da wani mai jirgin, mutumin kirki. Ki sani fa, ba a bakin tudu jirgin ke tsayawa ba, ƙaramin kwale-kwalen roba ake zuba ku a ƙarasa da ku. Ki sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ki sayi maganin jiri a kemis ki sha kafin ku hau. Abinci da ruwan zafi ki tafi da naki, babu kanti.

Da muka hau, sai kufai: gidajen dutse ba rufi, tumaki na kiwo a inda a da ake kwana. A farin rairayin da ke ƙasa kuwa dabbobin sil ne kwance jibgi guda, masu kama da ayu, kukansu kamar na mutum. Shi ya sa mutanen yammacin ƙasar nan ke da labaran cewa wasunsu mutane ne da ke tuɓe fata su fito tudu, har a aure su. Kada ki bar yara su matsa kusa, suna cizo, musamman da kaka lokacin haihuwarsu. Gidan Peig Sayers na nan, tsohuwar da aka rubuta ɗaruruwan tatsuniyoyi daga bakinta. Ɗan jagora ya ce a Inishvickillane, wani ƙaramin tsibiri can gaba, masunta sun taɓa jin wani sauti da dare suka ce kiɗan aljanu ne, har mai goge ya ɗauke shi. Yarona babba bai yi barci ba a daren.

Na ga wata ta ce ki tafi tsibirin Skellig Michael madadin haka. Da ƙananan yara, a'a. Matakala sama da 600 ce a jikin dutse, yawanci ba abin kamawa.

Maganar kuɗinki, in da kati kika biya, ki kira bankinki yau ɗin nan ki ce ba a yi miki aikin da kika biya ba. In ya ƙi ci, akwai kotun ƙananan ƙararraki, Yuro 25 ake shigarwa. Mu tsaba muka ba shi a hannu, ko rasit babu. Ki ajiye duk saƙonnin da kuka yi da shi, kada ki goge ko ɗaya.