Me ya sa duwatsun cocin Dresden suka zama dabbare-dabbare?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani coci a birnin Dresden na Jamus mai katuwar kubba, jikinsa fari amma da baƙaƙen duwatsu jefi-jefi. Ado ne aka yi? Kuma me ya sa ba shi da tsawon zaure irin na manyan cocin Turai da muka saba gani?

Amsa: Ɗan'uwa, cocin da ka gani shi ne Frauenkirche, na mabiya Martin Luther, wato wani reshe na Kiristoci 'yan Furotesta. Bari in fara da siffarsa, don a nan hikimar take.

An aza harsashinsa a 1726, aka gama a 1743. Wanda ya tsara shi, George Bähr, shugaban kafintocin birnin ne, kuma ya rasu a 1738 bai ga ƙarshen aikinsa ba. Majalisar gari ce ta ɗauki nauyi, a lokacin da sarkin Saxony (yankin da Dresden take ciki), Augustus, ya riga ya koma Katolika tun 1697 domin ya samu sarautar Poland. Sarki Katolika, talakawa 'yan Furotesta: shi ya sa mutanen gari suka so gini da za a hango daga nesa a san nasu ne.

A wurin mabiya Luther wa'azi ne zuciyar ibada. Dogon zaure yana sa na baya su ga bakin mai wa'azi yana motsi ba su ji komai ba, a zamanin da babu lasifika. Sai Bähr ya tattaro jama'a wuri guda, ya jera benaye hawa-hawa a kewaye, ta yadda duk inda mutum ya zauna mumbari da bagadi suna gabansa. Tsawon da ka ce babu, sama aka kai shi: ginin ya haura mita 90. Kubbar kuwa dutse ce zalla, nauyinta wajen tan 12,000, tana zaune kan ginshiƙai takwas. Magina da yawa sun ce ba za ta tsaya ba, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin ginshiƙan sun yi ta tsagewa ana gyara. Amma a 1760 sojojin Sarki Frederick na Prussia suka yi mata ruwan igwa, ta ƙi faɗuwa. A cikin cocin ne shahararren makaɗi Johann Sebastian Bach ya kaɗa sabon ogan, wato kayan kiɗan coci, wanda Silbermann ya ƙera, a Disamba 1736.

Baƙin dutsen kuwa ba ado ba ne. A daren 13 ga Fabrairu 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Birtaniya suka fara jefa wa Dresden bama-bamai, na Amurka suka biyo baya. Cocin bai rushe nan take ba. Wuta ce ta shiga ta cinye kujeru da benayen katako, zafi ya farfasa ginshiƙan, sai da safiyar 15 ga wata kubbar ta rufto. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta bar kangon a haka fiye da shekara 40, ya zama wurin tuna yaƙi.

Bayan haɗewar Jamus aka fara kwashe ɓaraguzan a 1993. Duk dutsen da aka tono sai an auna shi, an ba shi lamba, an nemo gurbinsa na asali. Kusan 3,800 daga cikinsu aka mayar, su ne baƙaƙen. Gobara da shekaru ne suka rina su. Fararen sababbi ne. An kashe kimanin Yuro miliyan 180, fiye da rabi gudummawar jama'a daga ƙasashe daban-daban, aka keɓe cocin a 30 ga Oktoba 2005. Gicciyen zinaren da ke ƙololuwa kyautar mutanen Birtaniya ce, kuma maƙerin da ya yi aikinsa, Alan Smith, mahaifinsa na cikin matuƙan jiragen da suka kai harin.

Akwai Jamusawan da suka so a bar kangon yadda yake. Ni dai ina ganin barin tsofaffin duwatsun a fili ya biya musu rabin buƙata. Sai dai irin wannan dutsen yashi yana duhu da kansa a hankali, don haka in kana da niyyar zuwa ka gani da idonka, kada ka bari jikokinka su riga ka.