Tambaya da Amsa: Verlander ya ajiye ƙwallo ko ya ƙara shekara?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon filin namu na besbol ne, wasan nan na gora da ƙaramar ƙwallo da Amurkawa ke ji da shi. Tun da Los Angeles Dodgers ta doke Toronto Blue Jays a wasa na bakwai na World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofin babbar gasar besbol, ranar 1 ga Nuwamba 2025, wanda mu nan sai dab da kiran assalatu muka ga ƙarshensa, saƙonni ke ta shigo min, kuma abin da ya faranta min rai shi ne yawancinsu daga ƙauyukanmu na Kano da Jigawa suka fito. Ga guda huɗu da na zaɓa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni rumfar cajin waya gare ni a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, yayana da ke karatu a Amurka shi ya koya mana kallon besbol da ya zo hutu, yanzu mu shida ne muke bi a waya in data ta samu. To gardama ta sarƙe tsakanina da abokina a kan Justin Verlander, tsohon gwanin jifan ƙwallo, shi ya ce mutumin ya ƙare, wasa 4 kacal ya ci a 2025 aka cinye shi 11, gara ya tafi gida da mutuncinsa, ni kuma na ce wallahi a bar shi sai ya cika nasara 300 tukuna. Har ta kai kwana biyu ba mu sha shayi tare ba. Don Allah a raba mana gardamar nan.

AMSA: Ƙanina, ku fara komawa teburin mai shayi tare, don kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya ya saki wani.

Abokinka ya dogara da 4 da 11, kuma nan ne ya zame. A besbol nasarar da ake rubuta wa mai jifa, wato mai wurga wa masu gora ƙwallo, ba aikinsa ne shi kaɗai ba, sai ya yi aƙalla zango biyar cikin tara, sai 'yan ƙungiyarsa masu gora sun ci maki sun wuce gaba kafin a cire shi, sannan sai waɗanda suka karɓe shi sun riƙe wasan har ƙarshe ba a farke ba. Kamar manomi ne da ya yi huɗa da kyau ya yi shuka a kan lokaci, ruwa ya ƙi sauka. Abin da ya sami Verlander ke nan a San Francisco Giants, ya buɗe wasa 16 a jere bai samu nasara ko ɗaya ba sai cikin watan Yuli, ba na cewa duk ya yi kyau a cikinsu, a'a, akwai ranakun da aka yi masa dukan kawo wuƙa, amma akwai kuma waɗanda ya bar fili ƙungiyarsa tana gaba aka zo aka zubar masa. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne makin da ake ci a kansa a duk zango tara, nasa na 2025 3.85 ne a zango 152, kuma watanni biyun ƙarshe ya fi na farkon kaka kyau nesa ba kusa ba. Ka haɗa da na 2024 a Houston, lokacin da kafaɗa da wuya suka dame shi aka ci 5.48 a kansa, za ka ga mutum ne da ya farfaɗo. Wanda ya ƙare ba ya gama shekara da ƙarfi haka.

Kai kuma inda ka zame shi ne maganar 300. A ƙarshen kakar 2025 266 gare shi, saura 34, kuma ranar 20 ga Fabrairu 2026 ce cikarsa shekara 43. Ko da a ce duk shekara yana cin 10, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a shekarunsa, sai ya yi kaka huɗu yana jifa, wato har ya kai 46. Mutum 24 ne kawai suka taɓa kai wa 300 a tarihin wasan gaba ɗaya, na ƙarshensu Randy Johnson a 2009. Kuma wasan ma ya canza a ƙarƙashin ƙafarsa, a 2011 shi Verlander ya yi zango 251 ya ci wasa 24, yanzu kuwa koci da ya ga jifa ya doshi ɗari ko an shiga zango na shida sai ya fito ya karɓi ƙwallo ya kira wani, ko da hannun bai gaji ba. Ni ina ƙaunar mutumin nan tun yana Detroit, in ya kai 300 ni zan fara murna, amma bana son ka ɗaure darajarsa a jikin wannan lamba, don in bai kai ba sai abokinka ya ce ai ya faɗa, alhali mai Cy Young uku, wato kyautar gwanin masu jifa, da World Series biyu da ya sallami masu gora sama da 3,500 da jifan da suka kasa bugawa ba shi da sauran abin da zai nuna wa kowa.

Hukuncina dai, ya ƙara shekara ɗaya, kwantiragin shekara ɗaya, in Oktoba ta zo a sake duba hannun. Ku da kuke noma da shanu kun fi ni sani, ba a sayar da tsohon sa don kawai ya tsufa matuƙar yana jan garma kunya ta fita sak, sai dai a rage masa yawan fili, kuma da shi ake haɗa sabon ɗan maraƙi ya koyi tafiya.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne a ƙasar Sumaila, ban san wannan wasa ba, dambe na sani tun ina saurayi. Jikana ne ya nuna min Baturen nan a waya ya ce wai an taɓa yanka masa gwiwar hannu aka sa wata jijiya, ya dawo ya fi kowa. Mu a dambe in hannu ya mutu ai magana ta ƙare. Gaskiya ne ko zancen yara ne?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, jikanka bai yi maka ƙarya ba. A cikin gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙashi biyu, ita ke shan wahala duk sanda mai jifa ya wurga ƙwallo, kuma ba wurgi na wasa ba ne, tazarar mita 18 da 'yan kai ce tsakaninsa da mai gora, ƙwallon na tafiya kusan kilomita 150 a awa, a ƙuruciyarsa ma Verlander yakan wuce 160, kuma ya yi haka sau casa'in ko ɗari a dare ɗaya duk bayan kwana biyar, daga Afrilu har Satumba. Yau da gobe sai jijiyar ta tsinke. A da in ta tsinke shi ke nan kamar yadda ka faɗa a dambe, sai a 1974 wani likita, Frank Jobe, ya ciro jijiya daga ɗaya hannun wani mai jifa da ake kira Tommy John ya dasa masa a gwiwar da ta lalace, mutumin ya dawo ya ci gaba da wasa har 1989 yana da shekara 46, shi ya sa har yau aikin da sunansa ake kiran sa.

An yi wa Verlander irin wannan aiki a 2020 yana da shekara 37, bai taɓa wasa ba a 2021 gaba ɗaya, mutane da yawa sun riga sun yi masa bankwana, sai ga shi a 2022 ya ci wasa 18 aka cinye shi 4 kawai, makin da ake ci a kansa 1.75, ya ɗauki Cy Young, kyautar gwanin masu jifa, Houston kuma ta ɗauki kofi. Amma Baba ka ja kunnen jikan naka, wuƙar likita ba ta ƙara wa hannu ƙarfi, gyara kawai take yi, abin da ya dawo da shi jinya ce ta fiye da shekara da motsa jiki kullum ba fashi, kuma akwai da yawa da aka yi wa aikin ba su sake komawa yadda suke ba. Ga shi tun 2023 an sa agogo, daƙiƙa 15 ake ba mai jifa tsakanin jifa da jifa in babu kowa a kan tasha, wato wuraren da mai gora ke tsayawa bayan ya buga ƙwallo, tsohon hannu ba ya samun hutun da ya saba.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni malamar firamare ce a wajen Kazaure, Dodgers nake goyon baya saboda mai jifansu Clayton Kershaw, da na ji ya yi ritaya raina bai yi daɗi ba ko kaɗan. Tunda Verlander ya girme shi da shekara biyar kuma bai daina ba, me zai hana Kershaw ya dawo?

AMSA: Ƙanwata, ni ma na ji ba daɗi, amma kar ya dawo. Shekaru ba su ne ma'auni ba, jiki ne. An yi masa aikin kafaɗa a ƙarshen 2023, wasa 7 kawai ya buɗe a 2024, aka sake yi masa aiki a gwiwa da yatsan ƙafa, bayansa kuma ya daɗe yana damun sa. Duk da haka ya dawo ya sallami mai gora na 3,000 ranar 2 ga Yuli 2025 a gaban mutanen gida, kuma kin tuna wasa na uku na World Series, wanda ya kai zango 18, yadda aka kira shi a zango na 12 tashoshi uku duk a cike ya fitar da mutum ɗaya ya ceci wasan? Shi ne jifansa na ƙarshe a babbar gasa. Kaka 18 a riga ɗaya tun 2008, ya tafi da kofi a hannu. Ni kam ba na so in gan shi a wata rigar yana ɗingishi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Kano Pillars ne daga Dawakin Tofa, besbol sabon shiga nake. Yaya kasuwar 'yan wasansu take, nawa za a sayi Verlander, kuma wace ƙungiya ce ta dace da shi?

AMSA: Ɗan'uwa, su ba sa sayen ɗan wasa da kuɗi tsakanin kulob da kulob irin na ƙwallon ƙafa, yawanci musaya ake yi, a ba da gwani ɗaya a karɓi matasa biyu ko uku, kamar yadda Detroit ta yi da shi zuwa Houston a 2017. Wanda kuma ya cika shekara shida a babbar gasa kwantiraginsa ya ƙare, ya zama mai zaman kansa, duk wanda ya taya shi da kyau zai iya zuwa, halin da Verlander ya shiga ke nan bayan kakar 2025. Ciniki yakan yi zafi a Disamba lokacin da shugabannin ƙungiyoyi ke taruwa wuri ɗaya, a Fabrairu kuma a shiga sansanin atisaye a Florida da Arizona. Tsofaffi irinsa sau da yawa sai sun jira, don kowa matasa yake fara bi, sai wanda ya rasa ya waiwayo, saboda haka in ka ji shiru har Janairu kar ka ce an guje shi, da Giants ma a Janairun 2025 ya sa hannu.

Farashinsa ya sauka sosai, ƙungiyar New York Mets ta ba shi sama da dala miliyan 86 na shekara biyu kafin kakar 2023, Giants kuwa miliyan 15 ta ba shi na shekara ɗaya, ko da yake wannan ɗin ma ya haura naira biliyan 20 a canjin 2025. Ina ga wani abu kusa da haka zai sake samu. Kuma kasuwar tsofaffi ba ta mutu ba, Toronto ta ɗauki wani tsohon mai jifa, Max Scherzer, a kan miliyan 15 da rabi, ya sha fama da ciwon babban yatsa, amma shi aka miƙa wa ƙwallo ya buɗe wasa na bakwai na World Series yana da shekara 41.

In ni za a tambaya, Detroit. Can ya fara a 2005, can ya zama abin da ya zama, kocinsu a kakar 2025, A.J. Hinch, shi ne kocinsa a Houston lokacin da suka ci kofin 2017, kuma suna da Tarik Skubal da ya ɗauki Cy Young biyu a jere, 2024 da 2025, don haka ba wanda zai ɗora wa Verlander kayan gaba, na uku ko na huɗu zai zama a jerin masu jifa, ya yi zango biyar ko shida ya miƙa. Masu goransu ma sun fi na Giants cin maki a 2025, ka ga ƙila ɗan Ringim ɗinmu ya samu 'yan nasarorin da zai ƙirga a rumfar caji.